Ranar da Likita Ya Leƙa Idona

Wata Talata ce cikin kaka, shekarar da nake aji biyu a lakkwal, wato makarantar boko, muka ji rurin mota kat-kat tana ratso karan hatsi. Muka ɓarke da ihu, har malaminmu Mushe ya gaji da buga tebur ya bar mu muka fita. Ni ce ta ƙarshen isa gindin gawon da motar ta tsaya, ina haki kamar mai dakon dutse.

Mu Fulani ne, rugarmu tana bayan Karofane, kusa da tabkin da shanu ke sha, mu ma muna ɗiba. Tun damina jikina ya mutu. Ƙwaryar nono ta fi ƙarfina, in na ɗaga taɓarya sau uku sai jiri ya kwashe ni, ga kwaɗayin ƙasar suri da nake ɓantara ina ci a ɓoye. Goggo ta ce iska ce, aka yi ta turare har na gaji da tari. Baffa kuwa ya riga ya yanke cewa bayan girbi in bar lakkwal, tafiyar ta yi mini nisa.

Ashe likita motar ta kawo, wani dogo mai fara'a, ya jera mu yana jan fatar idon kowa. Da ya zo kaina sai ya tsaya. "Ɗiyata, ina jininki ya tahi?" Ya miƙo mini ɗan gwangwani ya ce in kawo bayan gida. Yara suka kwashe da dariya, kunya kamar ta kashe ni. Amma da ya shafa shi a gilashi ya ɗora a madubinsa, sai ya ce in leƙa da kaina. Kai! Wasu ƙananan ƙwayaye ne masu haske, kwance birjik. "Ƙwan tsutsa ke nan," in ji shi. "Ta tahin ƙahwa take shiga, ita ke shanye miki jini." Nan take masu dariya suka hau ture-ture, kowa na roƙona in matsa ya gani.

Na isa ruga da magani ƙulle a bakin zane, ina zuba labari Hausa da Fulatanci a haɗe. Baffa ya saurara har na gama. Washegari ya yanka akuya aka gasa mini hanta, ranar kasuwa ya dawo da takalma har da na ƙannena. Inna ta sa ni gaba da zogale da wake. Kafin sanyi ya wuce na tsere wa yayana Juli har rijiya, Baffa na tsaye yana dariya. Maganar barin lakkwal ba a sake tayar da ita ba.

Yau gidan likita yana kusa, jikokina suna haɗiye maganin tsutsa suna yamutsa fuska. Rugar ta watse, waɗanda suka yi murnar warkewata duk sun riga mu gidan gaskiya. Ban ƙara jin daɗin gudu kamar na shekarar nan ba.