Gefen da Aka Kwantar da Babakura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Maris, 1973, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana Malam Babakura, malamin firamare a Jimeta, yana da shekara talatin da ɗaya. Ni kakarsa, Hajja Kellumi ta unguwar Makama, nake wannan rubutu da hannun da shi ya koya wa riƙe alƙalami.

Maigida, tun kana rarrafe nake kiranka ragon miji. Kai kuma ka ce ka sake ni, tsohuwa ba haƙori. Amma duk Juma'a sai ka taso da keke daga Jimeta, da kifin Binuwai, ka zauna ka cire mini ƙaya ɗaya bayan ɗaya.

Bara ka fara fari, keken ya gagare ka. Na ce lalaci ne, matarka Kaltume ta shagwaɓa ka. Shekara guda ina tsokanarka kana dariya, ashe jini ne ke tsiyaya a ciki.

A asibiti likita ya ce ciwon daji ne a babban hanji, irin wanda ba a cika gani ba, kuma a gefen dama yake. Da na ji dama sai na yi hamdala. Da dama muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke shiga masallaci. Na toya masa na raba sadaka, na bi gida-gida ina cewa ka tsira. Har tausayin Malam Absalom na gadon kusa da kai na ji, don nasa ƙarin a hagu yake.

Sai bayan rasuwarka Kaltume ta faɗa mini abin da likita ya gaya maka. Na hagu yakan tona kansa da wuri, a ga jini, ciki ya toshe, a yanke shi. Na dama wurinsa yalwa gare shi, sai ya girma shiru. Naka ya riga ya kai hanta. Ka ce mata, "Kada ki gaya wa amaryata. Bar ta ta toya masarta."

Absalom ya zo gaisuwa da ƙafarsa. Na kasa ɗaga ido.

Da za a fita da kai, na tuna a kan dama ake kwantar da mamaci, gefen da wata huɗu ba ka iya jingina shi da katifa ba. Na riƙo rigar kawunka Ɗanburam, na ce su sauke ka a hankali. Ya ce, "Hajja, ya daina ciwo."

Allah ya sa haka ne. Ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ya ba Kaltume da ɗalibanka haƙuri. Ni kuwa ka yafe mini, maigida. Kai ba rago ba ne.