Kwanon Hajiya a Cikin Suwic

Na ja kebul a Legas, na ja a Fatakwal, har Akara ta ƙasar Gana na je na haɗa wa wani otal intanet. Amma in ka ce in nuna aikin da nake taƙama da shi, gidanmu na Tudun Ƙofa zan kai ka.

Layin intanet ɗaya ne a gidan. Na sa suwic, akwatin nan mai raba shi ɗaki-ɗaki, daga ɗakin Hajiyarmu har na ɗaliban jami'a masu haya. To, ɗalibai kuwa fim suke saukewa kamar gobe za a hana. Ƙanwata ta haihu a Jidda, duk kiran bidiyon da ta yi sai fuskarta ta daskare, murya ta kakkarye. Ga suna ya matso, Hajiya na so ta ji raɗin da kunnenta.

Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, yawon duniyar naka bai koya maka gyaran wannan ba?"

Na ce, "Hajiya, in an sauke tuwo, kwanon wa ake fara zubawa?"

"Na manya mana."

"To akwatin nan bai sani ba. Wanda ya riga miƙa hannu yake ba."

Na zauna da kwamfuta na koya masa ladabi. Duk abin da zai shiga ɗakin Hajiya ko ya fito, murya ko hoto, shi ne gaba. Ɗakunan haya kuma na yanka wa kowa rabonsa, ya ishe shi karatu, amma ba zai wawushe tukunya ba.

Da safen suna wani ɗalibi ya leƙo. "Oga, fim ɗina ya tsaya fa!"

Na ce, "Bai tsaya ba, ɗan samari, jira yake manya su gama."

A ɗakin Hajiya kuwa hoto tar, har kitson ƙanwata ana gani. Muryar mijinta ta fito sarai, ya faɗi sunan jaririya. Ashe takwara aka yi wa Hajiya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka, mata na ta guɗa a tsakar gida.

Da ta buɗe, ba ta dube ni ba. Akwatin ta duba a bango, fitilunsa na ƙyaftawa, ta ce, "Wannan dai ya samu tarbiyya."