Genzo da Ma'aunin Shiru

Genzo mai hura wutar gidan wankan jama'a na unguwarmu ne a garin Niigata. Tun muna yara muke tare. Bai yi aure ba, yana zaune da yayarsa Tokiko wadda idanunta suka mutu bayan ta manyanta. Abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne waƙoƙin masunta da ake sawa a rediyo ranar Lahadi da yamma, daidai lokacin da shi yake gaban murhu, unguwa duka tana jiran ruwan zafi.

Don haka ya sayi na'urar ɗaukar rediyo a ƙaramin faifan minidis. Mai shago ya ce masa na'urar da kanta take raba waƙoƙi: idan sauti ya yi ƙasa da lambar da ka saita, sai ta ɗauka waƙa ta ƙare, ta sa alama. Burin Genzo ɗaya ne: Tokiko ta danna maɓalli, ta faɗa farkon waƙa, ba sai ta roƙi kowa ba.

Nan wahalarsa ta fara. Rediyo ba ta yin shiru na gaskiya, kullum akwai ɗan huci a ƙasa. In ya sauke lambar, na'ura ba ta jin shiru ko kaɗan, sai shirin duka ya fito dunƙule ɗaya. In ya ɗaga, mawaƙi na jan numfashi sai ta sare waƙar. Mawaƙan nan kuwa sun san jan numfashi. Akwai wani mai busa sarewar gora da ta yanka shi gunduwa-gunduwa kamar kifi.

Ranar Litinin nakan same shi a bayan gidan wanka, ya tura dankali cikin toka, fuska a murtuke.

"Yaya aka ji da amaryar taka?" in tambaye shi, ina nufin na'urar.

"Masaji, rabu da ni. Jakar nan ba ta san bambancin numfashi da mutuwa ba."

"Kai ma da kunnenka guda ɗaya ka san shi?"

"Ci dankalinka, tsohon banza."

A gida kuma Tokiko ba ta raga masa. Za ta danna, ta faɗa tsakiyar baiti, ta ce, "Gen, wannan kuma wa ka yanka yau?"

"Yaya, mako mai zuwa zan dace."

Bai dace ba. Lambar da ta yi daidai ranar da gari ya washe, ba ta yi ranar da ake ruwa, don hucin tashar yana ƙaruwa. Na sha ce masa ya bar ni in zauna in riƙa sa alamar da hannu, tunda na yi ritaya. Ya ƙi. Wai ya sayi abu mai aiki da kansa, dole ya yi aiki da kansa. Taurin kansa kenan, har ranar da zuciyarsa ta tsaya yana ɗaukar itace.

Har yanzu ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, ban san wanda ya fi ba.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza na je gidan. Na kunna turare gaban hotonsa, na kashe ma'aunin shirun nan nasa a na'urar, na zauna da yatsana a kan maɓalli. Duk waƙar da ta fara, in danna. Da aka gama na sa faifan a hannun Tokiko.

Ta danna, waƙa ta taso daga farkonta. Ta sake dannawa, haka. Ta bi su duka, babu wadda ta gutsure. Abin da Genzo ya nema shekara da shekaru ke nan, ga shi a cinyarta.

"Ya yi kyau, Masaji," ta ce. "Ka riƙa zuwa."

Sannan ta lalubi akwatin da ke gefenta, ta ciro ɗaya daga cikin waɗanda Genzo ya ɗauka.

"Sa mini wannan tukuna. Na mai sarewar da ya yayyanka."

Na sa. Muka zauna muna ji, tana danna maɓalli, tana faɗawa tsakiyar numfashi.