Na Je Kaduna Duba Sana'ar Kabiru

Katsina

Na fito daga gida a Ƙofar 'Yandaka bayan sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba. Wannan karon ba fatauci ya fitar da ni ba. Ni dillalin hatsi ne a Babbar Kasuwa, kuma tun rasuwar yayana ni ne waliyyin 'yarsa Rukayya. Wani Kabiru, ɗan unguwar Gobarau, ya turo manyansa neman aurenta, ita ma tana son sa. Asalinsa ba abin bincike ba ne, har kakansa mun sani. Sana'arsa ce ta gagare mu. An ce yana rubuta manhajar kwamfuta a Kaduna, amma abin da mutanen gari suka gani da idonsu shi ne, duk zuwansa hutu yana yawo da kyamara a wuya, yana ɗaukar hoton ganuwa da tsofaffin ƙofofi. Hajiya Indo, uwar yarinyar, ta ce ba za ta ba mai yawon hoto 'ya ba sai an faɗa mata abin da yake ci da shi. Na ce mata ban taɓa sayen buhu ban zura hannu ciki ba, zan je in gano.

Na samu kujerar gaba a wata fijo. Gilashin baya duk hotunan 'yan takara ne, na jam'iyyu biyu masu gaba da juna. Direban ya ce kowanne ya ba shi kuɗin mai, shi kuwa ba ya wulaƙanta kyauta.

Malumfashi zuwa Zariya

Tun da sojoji suka koma bariki, shingen hanya ya dawo hannun 'yan sanda. An tsayar da mu kafin Malumfashi, aka leƙa but ɗin motar, aka ga buhun albasar wata mata, aka ce mu wuce. Na tambayi direba ko ya san masu rubuta manhaja. Ya ce sosai ma, ɗan ƙanwarsa shi yake yi, yana buga wa mutane takardun koke a bakin kotu. Na gane shi ma bai fi ni sani ba.

A Funtuwa muka karya da shayi da ƙosai. Na zagaya na taɓa masara na ji farashi, don hannu ya saba. Daga nan Giwa, sai Zariya, inda muka sauke mai albasa.

Kaduna

Mun shiga ana kiran Azahar. Na ajiye jakata a gidan wani tsohon abokin cinikina a Tudun Wada, na nemi ofishin su Kabiru ba tare da na aika ina tafe ba. Bene ne, ɗakuna uku a sama, janareto na ruri a ƙasa. Da Kabiru ya ɗago kai ya gan ni, sai da kujerarsa ta kusa kifewa. Ya durƙusa gaban abokan aikinsa ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake sunan Rukayya.

Na ce ya nuna mini hajarsa. Ya juyo da fuskar kwamfuta, na ga rubutu layi-layi, ba Turanci sosai ba, ba kuma lissafi zalla ba. Ya ce kwamfuta ba ta da wayon kanta, sai abin da aka rubuta mata take bi, kuma su masu rubutawar ne. Sun yi wa makarantu, sun yi wa wani asibiti, sun yi wa gonar kaji.

Na ce, to, hoton fa? Ya buɗe wani shafi nasa a intanet, inda yake zuba hotunan Katsina yana rubuta bayani a ƙasa. Ga hasumiyar Gobarau da hantsi, ga masu jima, ga layinmu na 'yan hatsi har da gefen rumfata. 'Yan Katsina da ke ƙasashen waje suna rubuto masa godiya. Ya kuma nuna mini wata ƙaramar manhaja da yake haɗawa ranakun hutu, mai fitar da lokutan sallah na garuruwanmu. Na tambaye shi wa ke biyan waɗannan. Ya ce babu, sha'awa ce. A raina na ce wannan ba zai shiga kunnen Hajiya Indo ba.

Aka kawo mini shinkafa da miya. Shi ya ƙi cin komai a gabana, ya ce ya ƙoshi, alhali ina jin cikinsa yana ƙugi. Ana haka wayarsa ta yi ƙara, irin sababbin nan na hannu. Mai gonar kajin ne, muryarsa har inda nake zaune. Kabiru ya ce gobe da safe zai je. Na ce tare za mu. Fuskarsa ta nuna bai so ba, bakinsa ya ce to.

Gonar kaji, hanyar Kaciya

Da safe Kabiru ya zo da babur. Na ce a nemo tasi, mutum ba ya riƙe ƙugun mai neman 'yarsa.

Mai gonar, Alhaji Garba, ya tare mu da kiret ɗin ƙwai a hannu. Ya danna ɗaya da yatsa, ya fashe kamar takarda. Tun kwanaki ɓawon ya yi laushi, masu saye sun fara mayarwa. Manhajar Kabiru ce ke faɗa wa mai haɗa abincin kaji yawan masara da waken suya da garin ƙashi da zai zuba. Mai haɗawar, wani dattijo Malam Iliya, yana tsaye gefe da garin dusa a gemu. Alhaji Garba ya riga ya yanke cewa shi ke karkatar da garin ƙashin yana sayarwa, kuma yau zai tattara kayansa. Kabiru dai an kira shi ne ya tabbatar da cewa kwamfuta ba ta kuskure.

Ya zauna gaban na'urar ya daɗe. Ni ba na karanta rubutun, amma ina karanta fuska. Na ga lokacin da ya gano abin, don yatsunsa sun tsaya cak. Ya saci kallona. Na kau da kai ina duba buhunan masara. Da ya ce komai daidai ne ya gyara a ɓoye, ba wanda zai sani a cikinmu.

Ya miƙe ya ce, "Alhaji, Malam Iliya bai taɓa komai ba. Abin da na'ura ta ce shi ya zuba. Wancan watan da kuka ce in canza awon waken suya, ni na ɓata layin garin ƙashi. Kuskurena ne."

Alhaji Garba ya yi faɗa har kajin suka ɗauka. Ya ce ashe boko ma ɓarna yake, ya ce zai kai ƙara wurin mai kamfanin su Kabiru. Kabiru ya ce shi da kansa zai riga shi faɗa, kuma zai riƙa zuwa duk mako ba a biya shi ba har ƙwai ya dawo daidai. Ya gyara a gabanmu, ya sa aka auna sabon haɗi. Sannan ya je ya ba Malam Iliya haƙuri. Dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu.

A tasi Kabiru bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "Baba, ka zo a mummunar rana."

Na ce, "Ni na san ranar da na zo. Tsaya mu sayi gasasshiyar masara, kuma yau sai ka ci a gabana."

Ya ci, yana juya baya. Da muka tsaya sai ya roƙi ya ɗauke ni hoto ina cinikin doya a bakin hanya. Na yarda, da sharaɗin in gyara hula kuma kada ya rubuta nawa na saya, don abokan kasuwa na da dogon baki.

Komawa

Washegari na biyo motar safe ta hanyar da na zo, na shigo Katsina bayan La'asar. Ban sauke doyar a gidana ba, na wuce da ita wurin Hajiya Indo. Rukayya ta kawo ruwa, ta koma bayan labule, inda na tabbata ba ta yi nisa ba.

Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "To Alhaji, mi yake saidawa?"

Na ce, "Wallahi Hajiya, har yanzu ban iya faɗa miki sunan hajar ba. Amma na ga ta lalace a hannun mai saye, na ga ya karɓi laifin da bakinsa, a gabana, alhali ga wanda zai ɗora wa. Na shekara talatin a kasuwa, irinsa ba su cika rumfa ɗaya ba."

Sai ta tambayi batun yawon hoton. Na ce wannan ba ya kawo ko sisi, amma wasu mazan a majalisar hira suke kashe hutunsu, shi ganuwa yake bi. Ta ce to, a faɗa wa manyansa su zo ranar Juma'a. A bayan labule wani kwano ya faɗi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai masaukina na Tudun Wada. Hoton doyar kuwa yana nan a shafin Kabiru. Hular ta zauna daidai.