Rabi'u da Daɓen Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Rabi'u, amma har yau in na ga kwalbar man shafawa ta ƙare sai in kai hannu zan wanke, kafin in tuna babu wanda zan ajiye wa. Shi ya saba min da haka. Duk hutun da zai zo daga Zariya, inda yake koyar da ilimin sinadarai, sai ya aiko a ce Yaya Asabe ta tara masa kwalabe. 'Ya'yan mutane suna zuwa gida da atamfa da sabulu, namu Daktan kuwa da cokali yake zuwa, ya koma da ƙasa.

Ƙauyenmu yana can bayan Kuyello, a bakin daji. Da aka fara samun zinari a wajenmu, maza kan kawo dutse gida a daka, a wanke, a zubar da ragowar. Ragowar nan laushi gare ta kamar gari, ga ta a banza, sai mata suka gano tana yin daɓe. Mahaifiyarmu Inna ta tara maƙwabta, aka jiƙa makubar ɗorawa, aka daɓe tsakar gidanmu har yana ƙyalli. A kansa muke shanya tsaba, a kansa yara ke rarrafe. Baƙo bai isa ya shigo ya fita Inna ba ta nuna masa ba.

Rabi'u ya kankari kaɗan ya tafi da shi. Da ya dawo, fuskarsa ba walwala. Ya ce akwai dalma a ciki mai yawa, ita kuma dalma ba a ganinta, ba a jin warinta, tana bin hannun yaro zuwa bakinsa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Daga nan ya shiga bin gidaje da cokalinsa, ya manta inda aka haife shi. A wajenmu wanda ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ƙofar ɗakinka, asiri zai yi maka, ba wata magana. Iya Lantana, aminiyar Inna da katanga ɗaya ta raba mu, ita ta kama shi a ƙofarta. Ta tara masa jama'a, ta ce boko bai ishe shi ba ya koma ɗiban sawu, ta ƙwace kwalbar ta juye, ta watsa wa wurin ruwan tofi. Ya dawo yana dariya, amma ni da na goya shi na san ta ciwo ce.

Ranar na tsare shi, na ce to malam boka, faɗa min me kake yi da ƙasar mutane. Ya ɗauko lemon kwalba ya buɗe, ya ce in dubi iskar da ke fita. Wai wannan iskar, in aka kulle ta a tukunyar ƙarfe aka matse ta sosai, aka ɗan ɗumama, sai ta tashi daga iska, ba ta kuma zama ruwa ba. Tana ratsa ƙasa kamar hayaƙi, tana wanki kamar ruwa. Sai a haɗa ta da wani sinadari mai kama dalma, ta kwaso ta fito da ita. Da an sassauta matsin sai iskar ta tafi abinta, ta bar gubar a gefe, ƙasar a bushe, babu ƙazamin ruwan da za a rasa inda za a zubar. Ya ce a ƙasashen waje har ƙarfen yuraniyom ake gwada cirowa haka daga sharar nukiliya. Na ce to me ya hana ka wanke wa Inna tsakar gida? Ya nuna min girman tukunyar tasa da hannu, ba ta fi fulas ɗin shayi ba.

Ya roƙi Inna a fasa daɓen, ta ce sai bayan ranta. Da zai shiga mota ya ja ni gefe.

"Yaya, abin da nake iya wankewa bai wuce cikin tafin hannu ba. Kafin tukunyata ta girma, diga ce maganin gidan nan. Don Allah kada ki bar yaro ya yi rarrafe a kai."

Bai sake zuwa ba. Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya tafi da shi. Bayan haka daji ya lalace, 'yan bindiga suka tashe mu, muka koma haya a cikin Birnin Gwari. A can Inna ta cika, tana tambaya ko damina ta ɓata mata daɓe.

Bana da aka samu sauƙi muka koma, ni da 'yata da jaririyarta Ummi, wadda ta fara jan ciki. A hanya ina ta tunanin me Rabi'u zai ce da ya ga wajenmu yanzu. Ramukan haƙar zinari sun ƙaru, injin niƙa ya maye gurbin turmi, ƙura ta yi wa ganyen masara fari. Na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai laluba aljihu ne ya nemi cokalinsa. Ban san inda aikinsa ya kwana ba, ko wani ɗalibinsa ya ɗora, ko tukunyar tana can ta yi tsatsa. Wallahi ina kewarsa, har da surutun nan nasa da ba na gane rabinsa.

Rufin ɗakuna ya zube, ƙofofi an ɓalle, amma daɓen Inna yana nan sumul. Shi kaɗai ya rage mana na hannunta. Ummi tana ta zillo a bayan uwarta tana son a sauke ta. Na tsaya ina kallon wurin da Inna ke zama ta tsince wake, na yi kuka mai isata, sannan na aika a aro diga. Ni na fara sara, don ba na son wani ya yi.

Ana cikin kwasa sai ga Iya Lantana, ta tsufa, tana dogara sanda. Jikokinta biyu sun tashi ba sa gane karatu, ɗaya ma maganarsa ba ta fita sosai. Da can cewa ake iskoki ne suka taɓa su. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙo min ƙullin leda.

"Ga ƙasar ƙofar ɗakina, ni na ɗebo da hannuna. Wa zan ba?"

Na ce Iya, mai dubawar ai ba ya nan. Ta ce ta sani. Ta ɗaga kai ta dubi Ummi a bayan uwarta, ta yi wa Rabi'u addu'a da sunansa, ta ce in mun gama kada a mayar da digar, a miƙa mata ta katanga.