Waƙar da na ɓatar ranar Alhamis

A da, in wani abu na na'ura ya lalace a cocinmu na Kafanchan, ni ake aika wa. Yanzu kuwa, in aka kira ni, sai na biya na ɗauki wani tsoho mu tafi tare. Abin da ya kawo wannan sauyi ba zan manta da shi ba har in shiga kabari.

Na yi aiki a Kamaru da Ghana, na yi 'yan shekaru a Turai. Ina jin Turanci da Faransanci, ga Hausa, ga yarenmu. Da na dawo gida, dattawan ikilisiya suka ba ni aikin tattara waƙoƙin yabo da tsofaffin mata ke yi da yarenmu. Na bi su har Kagoro da Manchok ina ɗaukar muryoyinsu, ina zubawa a faifan ajiya na kwamfutar ofishin coci. Uku daga cikinsu sun rasu kafin in gama. Wayar da na ɗauki muryoyin da ita ta cika, na goge abin da ke ciki, saboda haka muryoyin nan babu su ko'ina sai a faifan.

Sai matsala ta fara. In na kunna kwamfuta, manhajar duba faifai ta tashi da kanta, ta ce ta ga fayiloli da suka lalace, ta gyara. Mako na zagayowa, ga kuskuren ya dawo. Na sake dubawa, na canza igiyar faifan, na karanta bayanai da harsuna biyu. Babu abin da ya canza.

Akwai wani sa'ana, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai kula da sigina, wato mai ba jirgi hannu a tasha. Tun firamare muke gasa. Ni na zaga duniya, shi bai taɓa wuce inda layin dogo ya tsaya ba, amma in ya yi magana a taron dattawa kowa sai ya yi shiru. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. A Turai na ga ana sauraron mai takarda, a nan kuwa ana sauraron wanda bai bar gari ba. Matarsa marigayiya tana cikin waɗanda na ɗauki muryarsu, shi ya sa yake yawan leƙowa ofis.

Wata Juma'a ya same ni ina hararar allo.

"Bature, ya sake lalacewa?"

"Mai jirgi, wannan ba sigina ba ne. Je ka zauna."

Bai zauna ba. Ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma a tasha, in abu yana ta lalacewa, ba mu tambaya mene ne, muna tambaya yaushe. Kullum ranar Juma'a nake samunka da wannan fuska. Me kake yi ranar Alhamis?"

Ranar Alhamis da yamma zumuntar mata ke taro, ana ta da janareto. Ni kuma nakan sa kwamfuta ta yi ta shirya waƙoƙin, aiki mai ɗaukar lokaci, in shiga addu'ar rufewa, daga nan in wuce gida. A Turai na koyi barin na'ura tana aiki, don can wuta ba ta ɗaukewa. Kuma na ɗauka ofishin yana kan batirin sola na gidan fasto.

Ya ce, "Soket ɗin nan da ka jona kwamfutar a kan janareto yake. Ana cewa Amin, ana kashewa. Kai ma ka kawo dokar nan, don man fetur."

Fasto yana bakin ƙofa, ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe kai ne injiniyanmu!"

Ba ni ya ce wa ba. Cikin zuciyata na san maganarsa ta kama hanya, amma na ce musu kuskuren faifai ilimi ne mai zurfi, ba a gane shi da jadawalin jirgi. Na yi niyyar in duba soket ɗin a ɓoye, in gano abin da kaina, in sanar a taron dattawa. Amma duk makon nan kullum akwai mutane a ofis, ni kuwa ba na so a gan ni a durƙushe ina bin wayar da ya nuna. Alhamis ta zo, na sa aikin kamar yadda na saba, don kada a ce na bi shawararsa. Na ce a raina zan fito kafin Amin. Ranar nan kuwa mai addu'a ta gajarta addu'ar. Kafin in tashi, na ji janareto ya mutu.

Da safe manhajar ta duba, ta gyara, ta tara wasu gutsattsarin fayiloli a gefe. Na buɗe waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan sai ɗaya, wadda kwamfuta ke kan shiryawa lokacin da wuta ta ɗauke. Ta matar mai jirgi ce. Baitin farko ya fito, daga nan sai ƙara kamar ruwa a kan kwano.

Na je gidansa da ƙafa. Yana shanya citta a tsakar gida. Na faɗa masa komai, har da dalilin. Ya ajiye cittar, ya dube ni.

"Baitin farko yana nan?"

"Yana nan."

"To, sauran ina da shi a kai. Shekara nawa tana yi mini a kicin. Kawo na'urarka, Bature. Amma ka tabbata akwai wuta."

Muka mayar da soket kan sola, na sake duba faifan sau ɗaya, na kwafe komai zuwa wani faifai na biyu. Kuskuren bai sake dawowa ba. A tarin waƙoƙinmu yau akwai guda ɗaya da mace ta fara, tsoho mai rawar murya ya ƙarasa. Mutane suna cewa ita ta fi daɗi. Ni ba na iya saurarenta har ƙarshe.

Faifan lafiyarsa ƙalau tun farko, kishina ne ya cinye muryar matar nan. Tun daga ranar, in an ba ni shawara, ina gwada ta kafin in dubi wanda ya bayar.