Bugun Sadaukarwa a Filin Huangpu

A shekarata ta huɗu a Guangzhou na fara wasan besbol, na haura shekara arba'in, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Mutumin da nake sarin takalma a shagonsa a titin Zhanxi Lu, wanda muke kira lawban, wato maigida, yana da ƙungiya da ke wasa duk Lahadi a wani fili bayan masana'antun Huangpu. Mutum tara ake buƙata, su takwas suka rage. Ya taɓa ganina na bi motar kaya a guje saboda an manta katan ɗaya, sai ya ce ina da ƙafa. Na ce ban san wasan ba. Ya ce rabinsu ma ba su sani ba.

Wasan ba shi da wuyar bayani. Tasha huɗu ne a kewaye, ta huɗun ita ce gida. Abokin hamayya ya jefo ƙwallo, ka doke ta da kulki, ka ruga tasha ta farko. In suka tsince ta suka jefa can ta riga ka, an fitar da kai. Wanda ya kewayo ya dawo gida ya ci ɗaya. In an fitar da mutum uku, sai masu duka su koma tsaro.

Dukan ne aiki. Wata biyu ina kai wa iska duka. Mai horar da mu wani dattijo ne ɗan Taiwan da ya bar aikin masana'anta, ana ce masa lawshi, wato malam. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, da guntun Turancinsa, in daina wahalar da kaina. Idan akwai namu a tasha ta farko, kada in kai duka. In riƙe kulkin a gicciye, in ɗan rusuna, in bar ƙwallon ta same shi ta faɗi a gabana ta gangara. Za su ɗauka su fitar da ni, amma kafin nan namu ya isa tasha ta biyu, daga can kuwa duka ɗaya mai kyau zai kawo shi gida. Sunan abin bant. A mako uku na iya shi, bayan ƙwallo ta fasa mini farce.

Ba kowa ya yarda da dabarar ba. Gwaninmu a duka wani injiniya ne ɗan ƙasar, wanda ya yi karatu a Amurka. Duk bayan wasa sai sun yi gardama da lawshi a wurin shan shayi, lawban yana fassara mini.

"Mutum uku kawai za a fitar a gama da mu," in ji injiniya. "Don me za mu miƙa ɗaya kyauta? Manyan ƙungiyoyi sun rage yin haka."

"Su duk sun iya duka," in ji lawshi, ya nuna ni da haɓa. "Wannan ko ya kai duka fitar da shi za a yi. Gara a fitar da shi da amfani. Kuma a filin nan, wanda ya tsinci ƙwallon sau da yawa bisa kan ɗan'uwansa yake jefa ta."

Ban ji daɗin zama misali ba, amma gaskiya ya faɗa.

Akwai wani Alhaji ɗan Maradi, ya girme ni, masaukinmu ɗaya a titin Huanshi Lu. Ya gaji da jin labari, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Ranar an zo zagayen ƙarshe suna gabanmu da ci ɗaya, lawban yana tasha ta farko, ba a fitar da kowa ba. Lawshi ya taɓa hularsa, alamarmu ta bant ke nan. Na tare ƙwallon ta gangara daidai, aka fitar da ni, lawban ya isa ta biyu yana haki. 'Yan ƙungiyarmu suka miƙe suna tafi. Injiniya ya shiga ya narka wa ƙwallon duka, ta tafi kai tsaye hannun mai tsaro, ya cafe ta a sama, aka fitar da shi. Na bayansa bai ko taɓa ta ba, shi ne na uku da aka fitar. Aka cinye mu.

A jirgin ƙasa muna komawa, Alhaji ya juyo gare ni.

"Malam, ba fidda ka suka yi ba?"

"Sun fitar da ni, Alhaji."

"To tafin na mine ne?"

Na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai in aka ba shi kulki bugawa zai yi, ko ya samu ko ya rasa. Bai sake zuwa ba.

Ni har yau ina ganin duka biyun suna da hujja. Wanda ya iya duka, asara ce a sa shi bant. Wanda bai iya ba, ana neman ci ɗaya tak, babu abin da ya fi shi. Ranar da Alhaji ya zo dabarar ta yi aikinta, sauran ne bai zo ba.

Bayan shekara guda matar lawshi ta kwanta ciwo, ya koma gida. Injiniya ya karɓi horon, ya hana bant gaba ɗaya. Amma bai bar ni haka ba: kafin kowane wasa yakan zo da wuri da bokitin ƙwallaye, ya yi ta jefo mini yana gyara mini tsayuwa. Sai da muka kusan cinye damina kafin na doki ƙwallo da kyau a wasa karo na farko. Ta wuce ta kan mai tsaron tasha ta biyu ta faɗi cikin ciyawa. Na tsaya ina kallonta da kulki a hannu, har sai da na ji lawban yana ta ihu in ruga.